Ƙwaurin Jummai Mai Banda

Kowace safiya, kafin matan Tungar Ɗangana su ɗora koko, Jummai takan zagaya bayan murhun bandarta da ɗan kasko a hannu. Sai ta kankaro kunkunniyar da hayaƙi ya tara a jikin murhun, ta kwaɓa ta da man kaɗe, ta duba gabas ta duba yamma, sannan ta yaye zane zuwa gwiwa. Daga idon sawu har sama, ƙwaurinta duka biyu sun yi dabbare-dabbare da fari, wani kamar ƙwayar gero, wani ya kai faɗin kwabo. Takan bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa tana shafewa, har ƙafar ta koma baƙa irin ta kowa. In ta gama ta saki zanen har ƙasa, ta kife kaskon a ƙarƙashin itace.

Damina uku ke nan tana wannan aiki. Da ƙaiƙayi abin ya soma, irin wanda ke sa mutum ya nemi katanga ko tsingaro, ta yi ta susa shekara da shekaru. Ran nan ta duba ta ga fari ya ɓullo. Suna ɗaya ta sani wa farin da ke fitowa a jikin baƙin mutum, wato albaras. A bakin tabkin nan kuwa, wadda aka ce tana da albaras ta gama sayar da abin kai wa baki. Ko ruwa ta miƙo, sai a ce an gode, yanzu aka sha.

Ita kuma banda ce uwarta, banda ce ubanta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta Jabir yana can Warra yana tuƙa jirgin fito da nasa iyalin. Dillalan Yauri in sun sauka tungar, murhunta suke fara nema, don tarwaɗar Jummai takan yi wata biyu a kwali ba ta yi tsutsa ba. Wannan suna shi take shafa wa kunkunniya kowace safiya.

Ruwa ne kawai abokin gabarta. Sauran mata sukan ɗaure zane a cinya su shiga tabki har gwiwa suna wankin kifi, ita sai ta ɗebo a bokiti ta hau tudu. Asabe, maƙwabciyarta a wurin banda, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana barci, ta raɗa mata suna Hajiyar Tudu. Jummai takan yi dariya tare da su, ta ce sanyin ƙashi ke damunta.

Ta nemi magani, ba ta zauna ba. Wata ranar kasuwa ta shiga jirgi har Yauri, ta sami wani mai magani a can ƙuryar 'yan sassaƙe, ta ce masa ƙanwarta ce ba ta da lafiya. Ya saurari bayanin, ya tambaya ko ƙanwar tana cin kifi. Ta ce a cikinsa aka haife ta. Ya tambaya ko tana shan nono. Ta ce kullum. Mutumin ya tafa hannu, ya ce ai shi ke nan, an gano ɓarawo: kifi da nono ba sa haɗuwa a ciki ɗaya, in sun haɗu sai sun fito a fata. Ya ba ta farar wuta ta shafawa da wani sassaƙe na jiƙo, ya ce ƙanwar ta zaɓi ɗaya, ko kifin ko nonon. Farar wutar ta ƙona ta har fata ta saɓule, da ta warke kuma farin yana nan inda yake. Amma maganar nonon ta zauna mata daram.

To, nonon ba shi da wata hanyar shiga cikin Jummai sai ta hannun Dudu.

Dudu Bafulatana ce daga rugar da ke bayan gonakin gero. Shekara goma sha takwas, duk tsakar rana takan sauke ƙwaryarta a gindin ɗorawar bakin ruwa, mata su yi ta saye, in an lafa ta dama fura mai kyau ta kawo wa Jummai, Jummai kuma ta ciro ƙarfasa mai zafi daga murhu. Ciniki bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Jummai ce ma ta koya wa Dudu cin kifi, tana cire mata ƙaya kamar yarinya, suna dariya. Lokacin da Jummai ke takaba, Dudu ba ta fasa zuwa ƙofar ɗakinta da ƙwarya ba ko kwana ɗaya. Ba ta kiran sunanta, Innar Jabir take ce mata.

Yaya za a ce wa irin wannan mutum a daina? In ta ce nono ke ba ta ciwo, za a ce wane ciwo. Sai ta shiga kame-kame. Yau tana azumin nafila, gobe cikinta ke murɗa, jibi ta riga ta ci tuwo. Dudu takan dai dama furar ta ajiye, in ba a sha ba ta ba wa wani.

Ranar da abin ya lalace, mata sun cika gindin ɗorawa. Dudu ta ɗebo fura a ludayi, cikin wasa ta kai bakin Jummai, ta ce yau kam ko azumin watan Ramadan take sai ta karya. Jummai ta kau da kai. Asabe ta kafa mata ido, ta ce ita fa ta daɗe tana lura, ruwa ba ya tsami banza, mace ta bar shiga ruwa, ta bar shan nono, me ake ɓoyewa ne? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Jummai ta ji kamar duk idanun wurin sun sauka a kan zanenta, ta ji gumi na bin ƙwaurinta, ta san gumi yana tafiya da kunkunniya. Bakinta ya buɗe kafin hankalinta ya iso.

"Ba abin da nake ɓoyewa. Wutsiyar tsaka na gani cikin nonon, ran nan. Na yi shiru ne don kunya."

 Kowa a nan ya tashi da jin cewa tsaka in ta faɗa abinci, kuturta ce ko albaras. Wata da ke cikin sha ta furzar. Dudu ta tsaya da ludayin a hannu, ta dubi Jummai, dubawa mai tsawo, ba a fuska kaɗai ba. Sannan ta mayar da furar, ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta gyara gammo, ta ɗauka. Ta kama hanyar ruga.

Ta sake zuwa kwana uku, ba wanda ya saya ko na ɗanɗano. Daga nan ba a ƙara ganinta a gindin ɗorawa ba. Labari ya zo cewa Warra take kai nononta yanzu, a ƙafa, ta fita da hantsi ta dawo rana ta yi ja. Jummai ta ce wa ranta ai tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, kuma dai nonon ne ya cuce ta, ko ba tsaka. Da wannan take lallashin kanta duk lokacin da rana ta take, ta ciro ƙarfasa ta rasa wa za ta cire wa ƙaya. Shekara biyu ta yi ba ta sa nono a baki ba. Farin kuwa, maimakon ya ja baya, sai ya ƙara hawa.

A shekara ta huɗu da yanka jihar Kebbi, bayan an gama girbin gero, wata farar mota ta shigo tungar. An shafe sunan tsohuwar jiha a ƙofarta an rubuta sabo, amma in ka matsa kusa kana iya karanta Sakkwato a ƙarƙashin fentin. Mai unguwa ya sa aka yi shela cewa ma'aikatan lafiya ne, sun kawo maganin makantar da ke damun mutanen bakin ruwa. Aka tara maza a ƙofar masallaci, mata a cikin gidan mai unguwa.

Wadda ta zo wa matan sunanta Mariyamu, 'yar ƙauyukan kan tudu ce, da ɗan gicciye a wuyanta, Hausarta da ɗan gargada amma ba ta tauna magana. Ta jingina wata doguwar sanda mai layi-layin fenti a bango, ta ce da ita za a auna tsawon kowa a san ƙwaya nawa zai haɗiya. Sannan ta yi bayani. Akwai wani ɗan mitsitsin baƙin ƙuda, ba na gida ba, da ke zama a rafuka inda ruwa ke gudu a kan duwatsu. Da rana yake cizo, a ƙafa galibi. Shi ke zuba wa mutum wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, su yi ta yawo a ƙarƙashin fata. Su ke kawo ƙaiƙayi, su ke kawo kullutu a ƙugu, in sun daɗe su hau ido su rufe shi. Ta zaro wani hoto ta ɗaga.

Jummai ta ga ƙwaurinta a hannun baƙuwa. Ba kama ba ce, su ne, har yadda farin ya fi taruwa a kan ƙashi. Mariyamu ta ce wannan ma aikin tsutsar ne. Ba albaras ba ne, ba kuturta ba ce, ba a ɗaukarsa a kwano ko a tabarma, ko da mutum zai shekara yana cin abinci daga hannun mai shi. Ta ce duk wadda ke da shi ta faɗa, don a rubuta. Mata suka dubi juna, kowa ta ce Allah ya kiyaye. Jummai ma ta ce Allah ya kiyaye, har ta fi kowa ɗaga murya.

Ta tsaya a jikin sanda, aka ba ta ƙwayoyinta farare ƙanana, ta haɗiya. Amma ba ta tafi ba. Ta yi ta gyaran ɗankwali har gidan ya watse, sannan ta matso ta ce, Malama, tana da wata ƙanwa. Mariyamu ta saurara har ƙarshe. Ta tambaya ko ƙanwar tana zuwa rafi. Jummai ta tuna rafin da take saran itacen banda tun tana amarya, da 'yan ƙudajen da ke yanyame ƙafa har jini ya tsattsafo, waɗanda ba ta taɓa ɗauka a bakin komai ba. Ta ce tana zuwa. Mariyamu ta ce to ta riƙa shan ƙwayar nan duk shekara, ba fashi, ƙaiƙayin zai kwanta, ido kuma zai tsira. Farin da ya riga ya fita dai da wuya ya koma, gara ta faɗa mata gaskiya, kada ta ƙona fatarta da shafe-shafe.

Jummai ta ƙara matsowa. "To, Malama, kifi da nono fa? An ce in sun haɗu a ciki..."

Mariyamu ta yi dariya, ba ta raini ba. "Inna, da haka ne, ai da ba sauran baƙin mutum daga nan har Shanga. Ki ce wa ƙanwarki ta sha nononta." Ta ɗan dubi gefen zanen Jummai, inda baƙin maiƙo ya yi shaida, ta kau da ido. "Ki ce mata kuma ba abin kunya ba ne."

Ya kamata a ce Jummai ta fito tana murna. Ba ta da albaras, bandarta ta tsira, idonta zai tsira. Amma wallahi ba murna ta ji ba. Kunya ce ta rufe ta tun daga ƙofar gidan mai unguwa. Duk shekara biyun nan abu ɗaya ta jingina da shi, cewa ƙaryarta tana da ɗan tushe, tun da nonon ne mai laifi. Yanzu an zare wannan ma. Saura ita da wutsiyar tsakar da ba a taɓa yi ba, da mace mai furfura tana taka hanyar Warra da ƙwarya a ka.

Ƙwayar ta fara da jigata ta, yadda Mariyamu ta yi gargaɗi. Kwana uku ƙafafunta na kumbure, jiki na ƙaiƙayi kamar ta shiga ƙaiƙayin gero, ga zazzaɓi. Ta ji daɗin ciwon ma, don ya ba ta dalilin kwanciya ba ta ga kowa ba. A rana ta biyar ta zaɓi ƙarfasa huɗu manya, ta naɗe a takarda, ta kama hanyar ruga da sanyin safiya.

Ta tarar da Dudu a ƙofar bukkarta tana shirya ƙore. Ta rame, wuyanta ya ƙara tsawo, dugaduganta duk faso. Da ta ga mai zuwa ba ta tashi ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Ta tura mata tabarma da ƙafa, ta ce Innar Jabir ce a rugarsu, lalle yau za a yi ruwa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Jabir, aka tambayi shanu, aka tambayi sanyi. Gaisuwa ta ƙare, ba sauran wurin ɓuya.

Jummai ta yi ta shirya magana a hanya, duk ta zube. Sai kawai ta jawo butar da ke gefe, ta yaye zane, ta zuba ruwa a ƙwaurinta, ta sa gefen mayafi tana gogewa. Baƙin ya bi ruwa, farin ya fito fili. Kanta a sunkuye ta faɗi komai: mai maganin Yauri, da tsoron a daina sayen kifinta, da bayanin Mariyamu. Ta ce ba tsaka, ba a taɓa yin tsaka ba. Ta nemi Dudu ta yafe mata don Allah.

Dudu ba ta ko leƙa ƙafar ba. Tana ta goge bakin ƙwarya da tsumma.

"Na san da shi," in ji ta. "Tun kafin ki bar shan fura. Ran da ludayi ya kuɓuce mini furar ta zuba a ƙafarki, kika yi maza kika share. Na gani."

Jummai ta ɗago. Lissafin ya zo mata a guje, ba ta so ba. Ashe ranar gindin ɗorawa, lokacin da Dudu ke tsaye da ludayi tana dubanta daga sama har ƙasa, kalma ɗaya ce a bakinta. Da ta ce a ɗaga zanen, shi ke nan, da tsakar ta mutu a wurin, da Jummai ce za ta kwashe kayanta. Ta riƙe kalmar nan ta yi ta kai ta Warra tana dawowa da ita, shekara biyu.

"Me ya hana ki faɗa?" in ji Jummai.

"Ciki ba don fura kaɗai aka yi shi ba." Dudu ta ajiye tsumman. "Ni ina da ƙafar zuwa Warra. Ke ina za ki kai murhu?"

Da ta zage ta, da ya fi sauƙi. Jummai ta yi kuka, kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta, Dudu kuwa ta bar ta ta yi abinta. Can ta jawo ƙaramar ƙwarya, ta dama fura, ta miƙo. Ta buɗe takardar kifin, ta ɓari ɗaya, ta cire ƙayar da kanta, ta ajiye a tsakaninsu. Jummai ta ci, ta kurɓa. Nonon yana nan yadda ta san shi, da ɗan tsaminsa da sanyinsa.

Ta roƙe ta ta dawo gindin ɗorawa. Dudu ta aza gammo, ta ɗora ƙwaryar Warra a ka, don rana ta fara ɗagawa. Ta ce ita ta yafe tun tuni, don riƙo nauyi ne, ita kuma kayan kanta sun ishe ta. Amma maganar da aka yi a bakin ruwa ba a ruga ake janye ta ba. Ta faɗi haka ba da zafi ba, ta yi mata sai an jima, ta kama hanya.

Washegari hannun Jummai ya riga tunaninta, sai da ta gama shafa kunkunniyar sannan ta tuna. Ta daɗe tsaye a bayan murhu. Jirage sun dawo daga kamun kifi, mata sun cika bakin ruwa da kwanduna, tana jiyo muryar Asabe a sama da ta kowa. Ta ɗauki kwandonta da sabulun salo. Ta wuce tudun da ta saba zama, ta ɗaure zane a cinya, ta shiga ruwa har gwiwa.

Asabe ta fara cewa yau Hajiyar Tudu ta sauko, maganar ta tsaya a rabi. Jummai ta sa sabulu da yashi tana dirzawa, baƙi yana bin ruwa yana bajewa a tsakanin ƙafafun mata. Da ta gama ta fito ta tsaya inda kowa zai gani. Ba ta ɗaga kai ba, amma ta ɗaga murya. Ta ce ga abin da take ɓoyewa, irin na hoton Malama Mariyamu ne. Ta ce nonon Dudu bai taɓa yin tsaka ba, ita ta ƙaga don ta rufa wa kanta asiri, duk wadda ta ji waccan maganar daga bakinta to ta ji wannan ma.

 Wata ta ja kwandonta gefe kaɗan, a hankali, kamar ba da gangan ba. Wata tsohuwa ta ce Allah ya sawwaƙe, ba a san ko ciwon take nufi ko ƙaryar ba. Asabe, wadda ba a taɓa jin ta rasa ta cewa ba, ta sunkuya ta kama gefen zanenta ta ƙara ja ƙasa, ta ci gaba da wankin kifi.

Da rana ta take, Jummai ta zaɓi ƙarfasa mafi ƙiba a murhu, ta sa a faranti, ta je gindin ɗorawa ta zauna. Ta miƙe ƙafafu, zane a gwiwa, iska tana taɓa fatar da ta shekara uku ba ta taɓa ba. Daga nan ana hango hanyar ruga har inda ta shige cikin karan gero. Masu wucewa suna dubanta, suna duban ƙafar, suna wucewa. Aka kira azahar. Da kifin ya huce, ta tashi ta mayar da shi kan murhu, ta dawo ta zauna.